Kaye Mai Ƙofa Biyu

Ranar da aka buɗe adakar Baffa, bayan sadakar bakwai, ba a sami abin faɗa a ciki ba. Takardun haraji ne tun na zamanin Diori Hamani, da katin ƙungiyar manoma da ya koɗe, da tabarau mai ƙafa ɗaya da aka ɗaure da zare, sai wani littafin rubutu mai kauri, irin wanda mu a nan muke kira kaye. Na ce wa ƴaƴansa su bar mini kayen. Babbansu ya miƙo mini yana murmushi, ya ce, "Ɗauka mana, Mushe, ai ku ne masu cin takarda."

Kayen nan ƙofa biyu gare shi. In ka buɗe shi yadda ake buɗe littafin lakwal, boko za ka gani da biro: kwanan wata, sunayen magidantan ƙauyenmu, buhunan gujiyar kowa, kilo nawa, kuɗi nawa. In ka juya shi ka buɗe ta dama, ajami ne da tawadar da ya dafa da hannunsa: abin da ya jiyo a zauren malam, karin maganar da ta burge shi, da wasu baitoci nasa na kansa da ban taɓa jin ya rera wa kowa ba. Rubutun biyu sun taho suna neman juna, suka tsaya saura ganye goma sha ɗaya su haɗu. Mutumin da ya cika waɗannan shafuka bai taɓa zama a bencin lakwal ba. Yana da mata biyu da ƴaƴa shida ya fara sanin baƙin boko.

Ƙauyenmu yana ƙasar Magarya, kudu da Damagaram, inda in jaki ya tsinke da safe ana iya tsintarsa a Najeriya kafin la'asar. A lokacin da nake magana, ƙarshen shekarun 1960, Dungas da Guci da Mallawa da Dogo-Dogo duk a ƙarƙashin Magarya suke. Sai a 2011 aka yanka musu tasu gunduma. Ƙasar gujiya ce a wancan zamani, wadda dangin iyayenmu na Daura da Kano ke ce wa gyaɗa. Da kuɗinta ake biyan haraji, da shi ake aure, da shi ake yanko turmin atamfa. Ita kanta gwamnati a kan gujiya take tsaye kafin yuraniyom ɗin Arlit ya fara fita a 1971. Shi ya sa aka kafa kamfanin SONARA a 1962 don saye da fitar da ita, daga baya kuma aka gina masana'antar matsar mai ta SEPANI a cikin Magarya.

Sai dai manomi, tun zamanin Nasara, saninsa game da gujiyarsa a bakin sikeli yake ƙarewa. Ka kai buhu, a ɗora, ƙarfe ya yi rawa ya tsaya, mai awo ya faɗi lamba da Faransanci, akawu ya rubuta, a ƙirgo maka. Baffa yakan ce ana auna gumin mutum a gaban idonsa, a faɗa masa nauyinsa, shi kuma ya ce ya gode.

A farkon shekarun 1960 ne ma'aikatan raya karkara suka fara shiga ƙauyuka, daga ƙasar Matamai, maƙwabciyarmu, sannan suka gangaro mana. Hukumar UNCC mai kula da bashi da ƙungiyoyin manoma an kafa ta a 1962, ofishin yaƙi da jahilci kuma ya kama aiki a 1963. Daga 1966 aka shigo da sabon tsari: manoma su zaɓi nasu mai awo da nasu magatakarda, su riƙe kasuwar gujiya da kansu, in an gama kaka a mayar musu da rarar da ta saura. To, mai awo dole ya iya karanta sikeli, magatakarda dole ya iya rubuta suna da lamba. Wannan ce ta kai Baffa aji. Ba wanda ya yi masa dogon wa'azi kan falalar ilimi. An dai ce masa in bai koya ba, wani zai ci gaba da faɗa masa nauyin buhunsa.

Ina tuna ajin kamar jiya. Rumfar zana ce a bayan masallaci, da baƙin allo a jingine da gindin bedi, da fitilar ƙwai guda wadda kowa ke karkata zuwa gare ta. Da rani ake yi, bayan lisha. Magidanta kusan talatin ne a kan tabarma, wasu da furfura, kowa riƙe da ƙaramin allo da alli. Mu yara mukan laɓe a bayan zana mu leƙa, mu ga mutumin da ke kora mu da sanda da rana yana gumi a kan harafi ɗaya. Masu ba'a a gari suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƴan aji suka mayar musu da cewa gemu ba ya hana ilimi. Haka aka yi ta jifan juna da karin magana har damina ta faɗi. Hannun da ya saba da ƙotar hauya ba ya jin alli. Baffa ya karya alli ya fi a ƙirga kafin yatsunsa su yi laushi.

Abin da ya fi ba su wahala shi ne abin da suka riga suka iya. Bahaushen Nijar da dala yake ƙidayar kuɗi, dala ɗaya kuwa tamma biyar ce. Takardar da aka rubuta wa 500, shi dala ɗari yake ce mata. Mai 1000 kuma jika. Wato duk lambar da ya gani a rubuce sai ya raba ta biyar kafin ta zama kuɗin da bakinsa ya sani. Ga kuma sulai da fam na Najeriya da ke yawo a kasuwanninmu, daga 1973 kuma naira da kwabo. Mutanen nan suna juya wannan lissafi a kai cikin ƙiftawar ido, amma da aka ce su sauke shi a kan allo sai ya zame musu dodo. Malamin ajin, wani saurayi da bai girmi ɗan Baffa na fari da yawa ba, ya yi dabara: ya daina fara darasi da lamba, yakan zube kuɗi na gaske a kan tabarma, ya ce a ƙirga, sannan a rubuta.

Kakar da ta biyo baya aka zaɓi Baffa magatakarda. Na ga ranar da ya tsayar da awo. An ɗora buhun wata bazawara, mai awo ya faɗi lamba, Baffa ya matso ya sa yatsa a kan ƙarfen, ya ce, "A'a, malam, sake dubawa. Ka cire nauyin buhu sau biyu." Wurin ya yi tsit. Aka sake, aka tarar da gaskiyarsa. Kilo ɗaya ne kacal, bai kai kuɗin goron kwana uku ba. Amma a daren nan sai da aka ƙara tabarma a rumfar zana.

A nan suka koyi abin da daga baya na ji ana kira ilimin tattalin arziki. Irin shuka da ake ba ƙauye bashi, a wuyan kowa yake: in mutum ɗaya ya ƙi biya, daga rarar kowa za a cire. Sai ga magidanta suna gardama kan wa ya cancanci bashi, me ya sa farashin gwamnati ya bambanta da na ƙetaren iyaka, ina kuɗin da ke tsakanin abin da aka biya su da abin da aka sayar a waje yake tafiya. Tambayar ƙarshen nan ba a cika son ta a ofis ba, amma wanda ya iya karanta sikeli ba ka hana shi yin ta.

Sai fari ya zo a 1973. Soja suka karɓi mulki a watan Afrilun 1974. A 1975 cutar kuturtar gujiya ta cinye gonaki daga nan har Kano. Kasuwar gujiya ta mutu, mutane suka koma hatsi da wake, samari suka bazama cin rani. Rumfar zana ta zama wurin ɗaure awaki. Cikin mutum talatin ɗin nan, bayan shekara goma waɗanda ke iya karanta wasiƙa ba su wuce huɗu ba. Sauran baƙaƙen sun zube musu kamar yadda ganye ke zubewa, domin karatu ba gado ba ne da za a ajiye a rumbu. In ba a taɓa shi, tafiya yake yi.

Na daɗe ina tambayar kaina me ya raba mutum huɗun nan da sauran. Ba su fi kowa kai ba. Abin da na gano shi ne, kowannensu ya sami abin karantawa da yake jin daɗinsa. Ofishin yaƙi da jahilci yana buga jaridu da Hausa, irin su Ganga da Muryar Damagaram da Sabon Ra'ayi ta Madawa, kuma sun yi aiki gwargwadon ƙarfinsu. Sai dai ba kullum suke iso mu ba, in sun iso kuma yawancin abin da ke ciki nasiha ce: yadda za a cuɗa iri da magani, yadda za a tsabtace bakin rijiya. Nasiha tana da kyau, amma ba wanda ke ƙona kananzir har tsakar dare don ya ji ƙarshenta.

Baffa shi wani ɗan cin rani ne ya kawo masa Magana Jari Ce daga Kano, littafi na ɗaya, bangonsa a yage. Da farko ya sha wuya, saboda rubutun da aka koya musu a aji ya bi tsarin da aka tsayar bayan taron Bamako na 1966, mai ninka wasali in yana da ja. Baffa "kaasuwaa" ya iya rubutawa, da "may" a wurin "mai". Da ya ga rubutun Zariya sai ya ce mutanen nan rowar baƙi gare su. Kafin wata biyu ya saba. Daga nan dare ya canza a gidanmu. Yakan zauna bakin fitila ya ja labarin akun nan na Abubakar Imam a hankali, yana bin layi da yatsa, mu da matansa da maƙwabta muna kewaye. In ya kai wurin dariya sai ya riga mu, ya ajiye littafin ya yi ta ƙyaƙyatawa, mu muna roƙonsa ya ci gaba. Daga baya ya samo Ruwan Bagaja, ya samo Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shaihu Umar bai ba shi dariya ba. Kwana uku ya yi yana maganar uwar nan da ta bi sawun ɗanta har hamada, yana haɗa labarin da abin da kakarsa ta faɗa masa game da zamanin da ake kama mutane tsakanin Damagaram da Kano.

Ɗaya ƙofar kayen kuwa ta girmi wannan. Tun kafin a san da wata rumfar zana, akwai makarantar manya a ƙasarmu, ita ce zauren malam. Ba rajista, ba jarrabawa, ba shekarun shiga. Bayan asuba ko bayan la'asar magidanta kan zo kowa da littafinsa a cikin gafaka, wannan Ahalari, wancan Iziyya, wani Risala, wani Ishiriniya. In layi ya zo kanka ka ja baƙi gaɓa-gaɓa, malam yana fassarawa da Hausa, sauran suna saurare ko da ba littafinsu ba ne. Tela na gefen mahauci, mahauci na gefen ɗan sarki. Mutum yakan shekara ashirin yana zuwa, ba wanda zai ce masa ya tsufa.

A shafi na huɗu ta ɓangaren ajami Baffa ya rubuta kalma uku ya ja musu layi: wajibi, mustahili, ja'izi. Daga Ummul Barahina ya ɗauko su, littafin tauhidin Shehu Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490, wanda ya fara da raba hukuncin hankali gida uku: abin da hankali ba ya ɗaukar rashinsa, da abin da ba ya ɗaukar samuwarsa, da abin da zai iya kasancewa ko ya ƙi. Baffa ya mayar da su awon komai. In aka kawo masa jita-jita sai ya tambaya, "Wannan a wane gida take?" Yakan ce ruwan bana ja'izi ne, haraji wajibi, a ce ɗan kasuwa ya faɗi ainihin ribarsa kuwa mustahili.

Shekarar da na kai ajin ƙarshe na lise a Damagaram aka fara koya mana falsafa. Na zo hutu kaina ya kumbura, na zauna ina yi wa Baffa bayanin yadda Aristo ke ɗora magana biyu ya fitar da ta uku. Ya saurara har na gama, ya ce, "Ɗana, ai wannan mantiƙi ne. Malam na da shi." Washegari ya ja ni zaure, Malam ya zaro wani ɗan littafi mai jan ganye, Sullamu, waƙar mantiƙi ta Shehu Ahalari, wato mutumin nan dai na ƙarni na 16 da kowane almajiri ke fara fiƙihu da littafinsa. Ilimin Aristo ne, ya bi ta Bagadaza da Magrib ya ƙetaro hamada a bayan raƙumi, ya riga Faransanci isowa ƙasarmu da ɗaruruwan shekaru. Na koma lise da ɗan sanyin jiki. Ban ce zaure ba shi da aibi ba: mata ba su da wuri a cikinsa, kuma akwai tambayoyin da ba a yi. Amma a can na fara ganin dattijo ya ce wa dattijo "ina hujjarka?" a kuma buɗe littafi a nemo layin.

Rediyo ma ta yi nata. Tun 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo a Nijar, inda jama'a ke taruwa su saurari shiri, su tattauna, a ɗauki muryoyinsu a aika Yamai a sake watsawa. Mu a ƙauye namu kulob ɗin tabarmar mai gari ce da rediyo mai batir shida. A kama Muryar Sahel, a juya Kaduna, a jira BBC. Waƙar Shata ko ta Ma'azu Ɗan Alalo in ta ƙare, sai a shiga fassara: wa yake nufi da wannan habaici, me ya sa ya kira wane da wancan suna. Da na je jami'a na tarar ana ba mutane digiri a kan irin wannan aiki.

Zamanin Seyni Kountché aka farfaɗo da samariya, kuma daga 1976, da aka yi bikin matasa na ƙasa na farko a Damagaram, gasar waƙa da rawa da teyatur ta zama abin da ake shiri dominsa shekara guda. Daga ƙauye a je Magarya, wanda ya ci ya wuce Damagaram. Ƴan wasan teloli ne da direbobi da malaman lakwal da masu sayar da ƙosai, kuma ba rubutaccen wasa suke haddacewa ba: a zauna a tsara labari, a raba wa kowa halinsa, magana kuwa ta fito daga bakin mai ita. Kowa yana kwaikwayon ƙungiyar Yazi Dogo da ake ji a rediyo. Gwamnati faɗakarwa take so, kan cin rani da auren dole da cin hanci, kuma ba na mantawa da cewa mulkin soja ne, ba a faɗin abin da aka ga dama. Duk da haka ƴan wasa sun san yadda ake sa wa ma'aikaci hula a karkace, a bar jama'a su gane sauran. Wani ƙanen Innarmu, makaniken keke ne, a dandalin nan ya koyi yadda ake gina labari ya tashi ya sauka, har ya mutu kuwa in yana ba da labarin faɗan kasuwa sai ka rantse a teyatur kake.

Abin da ke ci mini rai, in na waiwaya, shi ne yadda masu tsara karatun manya suka ɗauka cewa talaka cikinsa kaɗai ke jin yunwa. Furoje bayan furoje sun zo ƙasar Magarya da Dungas, kowanne da ajinsa na wata huɗu ko shida, kowanne da ɗan littafinsa kan taki ko allurar rigakafi ko ruwan gishiri da sukari. In kuɗin furoje ya ƙare, aji ya watse. Ba a cika tunanin cewa mai noman nan yana son labari mai daɗi ba, ko yana son sanin tarihin garinsu, ko yana da ra'ayi kan adalci da ƙaddara. A ƙasar Danmak, wani malamin coci mai suna Grundtvig ya kawo shawarar makarantun manya na ƴaƴan manoma, aka buɗe ta farko a 1844. Tarihi da waƙa da adabi aka fi koyarwa a cikinsu, ba jarrabawa. Daga 1882 manoman ƙasar suka shiga kafa ƙungiyoyin sarrafa madara da suka ɗaga ƙasar, kuma da yawa cikin jagororinsu daga makarantun nan suka fito. Mu an fara mana da sikeli, aka tsaya a sikeli.

Mata kuwa ta wata hanya karatu ya zo musu, ba ta ofis ba. A ƙarshen shekarun 1980 littattafan soyayya na Kano suka fara shigowa ta Babban Mutum da Maigatari, a cikin kayan ƴan koli, tare da turare da ɗan kunne. Malamai sun yi ta suka, mu ƴan boko muna yatsina. Amma na ga matan aure da suka bar lakwal a aji uku sun dawo da karatunsu saboda In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Na ga ana ba da hayar littafi kwana biyu, ana ɓoye shi a ƙarƙashin tabarma. Abin sha'awa, su kansu marubutan wasunsu ƴan ajin manya ne. Gidan Dabino ta ajin yamma ya bi. Balaraba Ramat Yakubu, mai Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne, an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana yarinya, sai daga baya ta koma karatu a ajin manya. Jihar Kano ta kafa hukumar ilimin manya a 1980 zamanin Abubakar Rimi, ga abin da ta haifa: waɗanda aka koya wa karatu da girma sun rubuta abin da ya riƙe wasu a kan karatu, har a wannan gefen iyaka.

Yayata ba ta shiga kowane aji ba, amma ta fi ni sanin kuɗi. Tana cikin irin asusun nan na mata da ya samo asali daga Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a Maraɗi a 1991, yanzu kuma ya bazu ƙasashe da dama. Akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku daban-daban. Kowane mako a zuba, mai bukata ta ci bashi ta mayar da ɗan ƙari, ƙarshen shekara a fasa a raba. Shekaru da yawa ba su da kaye, a kai suke riƙe lissafin, kowace tana shaidar ta kusa da ita. Iyaka ce jami'arsu. Sun ga an karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994. Sun ga Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 har Disamban 2020, sun ga canjin takardun naira a farkon 2023 lokacin da tsofaffin kuɗi suka zama abin tsoro a hannu, sun ga rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Yaya takan faɗa mini ranar da ya kamata a sayar da wake da ranar da ya kamata a riƙe, daga jin yadda naira ta kwana a bakin ƴan canji, kuma sau da yawa ita ke da gaskiya.

Yanzu salula ta shigo ta sake juya komai. Wata mai bincike daga jami'ar Tufts ta Amurka, Jenny Aker, ta nuna cewa tsakanin 2001 da 2006 zuwan salula ya rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwannin Nijar da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Ita ce kuma, tare da ƙungiyar CRS, ta gwada koya wa ƴan ajin manya rubuta saƙo a waya a wasu ƙauyukan Doso da Damagaram daga 2009, aka ga waɗanda suka sami wayar sun fi riƙe karatunsu. Dalilin bai ba ni mamaki ba, shi ne dai na Baffa: sun sami abin yi da baƙaƙen bayan an tashi daga aji. Sai dai kafin a ci moriyar wannan sosai WhatsApp ya kawo saƙon murya. Yau ɗan cin rani a Legas ko Agadas danna waya kawai yake ya yi magana, tsohuwarsa ta danna ta ji. Wasiƙar da ake kawo wa Baffa ya karanta, a ba shi goro, ta zama tarihi.

Ba zan yi ƙarya in ce an fi jahilci yanzu ba. Samarin da ke zaune a fada suna dafa shayi a Dungas ko Waca sun san farashin man fetur a duniya, suna gardama kan sefa da zinariya da yuraniyom, suna da wa'azi da waƙa da fim cike da katin waya da mai caji ya zuba musu. Kunnensu ya ji abin da Baffa bai ji ba a duk rayuwarsa. Abin da na rasa a wurinsu shi ne layin da za a koma a duba. Murya takan wuce, wata ta biyo ta, mai maganar ba ya nan balle a ce masa ina hujjarka. Na taɓa tambayar wasu cikinsu, kan wani labari da ke yawo, ko wajibi ne ko mustahili ko ja'izi. Suka yi dariya, ɗayansu ya ce, "Baba, ai an turo shi a guruf."

A watan Maris na 2025 sabuwar dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Na yi murna, na kuma tuna adakar Baffa. Jami'ar Damagaram tana ɗauke da sunan André Salifou, wanda ya rubuta tarihin daular Damagaram da wasan kwaikwayo kan Sarki Tanimun. Abdoulaye Mamani ya rubuta labarin Sarauniya a 1980. Da Faransanci suka rubuta, kuma ban taɓa ganin ɗayansu a hannun manomi a ƙasarmu ba, alhali labarin kakanninsa ne a ciki. Mutumin da ya gama ajin yaƙi da jahilci yau a Bande ko Sassumburum, in ya ce yana son ya ci gaba, ya san tarihi, ya san yadda kuɗi ke aiki, ya karanta waƙa, wace ƙofa zai ƙwanƙwasa in ba zauren malam ba?

Watan jiya na je gida na tarar ranar zubin su Yaya ce. Na zauna daga bakin ƙofa. Yanzu suna da kaye, jikar wata daga cikinsu ce ke rubutawa, yarinya ƴar aji uku a kwaleji. Aka buɗe kwaɗo uku, aka zuba, aka ƙirga sefa gefe guda naira gefe guda, aka rubuta, aka rufe. Duka bai kai rabin awa ba. Na ɗauka za su watse. Sai Yaya ta ce, "To, ƴar nan, ina muka tsaya?" Yarinyar ta zaro waya ta ci gaba da karanta musu wani labari da wata marubuciya ke sakawa kashi-kashi, na matar da mijinta ya ci kuɗin gadonta ya ƙaro aure da su. Ba ta yi shafi biyu ba wata dattijuwa ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Koma baya kaɗan. Da bakinta ta ce ta ba shi, ko aro ta ce?"

Yarinyar ta ja rubutun sama da yatsa, ta nemo wurin, ta sake karantawa. Aro ta ce. Wurin ya kaure, wasu na cewa ta kai shi gaban alƙali, wasu na cewa ina shaidunta, Yaya na lissafa abin da kuɗin zai zama da an sa shi a akwati shekara uku. Har aka kira magariba ba a koma kan labarin ba. Da suna naɗe tabarmi Yaya ta hango ni, ta ce, "Mushe, kayen nan namu ya kusa cika. In ka shiga Magarya ka sayo mana wani, mai kauri."